Fiyus Kawai

"Karanta min abin da ka rubuta."

"Malama, ki ajiye ta tukuna, tana da nauyi."

"Na ce ka karanta min! Ai rubutunka ne."

Ta kifa tukunyar lantarkin a kan teburin aikina, gindinta sama. Ƙananan kusoshi suka watse a ƙasa. Ta ɗora yatsa a kan farin tef ɗin da ke manne a gindin.

Ban duba ba. Na san abin da ke wurin. Duk kayan da aka kawo min gyara, da na buɗe na gano ciwon, sai in yanki tef in rubuta ciwon da kwanan wata in manna a ƙasa. Haka ubangidana ya koya min tun ina shekara sha biyar. Yanzu hannuna ne ke yi, ba ya ma shawara da ni.

"Fiyus kawai," ta karanta da kanta. "Uku ga wata. Yau nawa ga wata?"

Na sunkuya ina tsince kusoshin. Ita ta ba kanta amsa.

"Sha biyu. Kwana tara ke nan ina zarya shagon nan. Sau huɗu na zo. Me kake ce min?"

"Malama..."

"Kar ka ƙara kirana! Me kake ce min?"

"Cewa nake injin ne ya ƙone, sai an yo odarsa."

"To ga shi ka rubuta fiyus. Wa ke ƙarya, bakinka ko hannunka?"

Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ni ya tsayar da kekensa. Na san kunnensa na jikin bango.

*

Shagona ƙarƙashin matattakalar wani bene yake. Idan na miƙe tsaye sai na sunkuyar da kai. Fanka, dutsen guga, rediyo, injin markaɗe, duk abin da ke cin wuta ina taɓawa. Iyakar karatuna sakandare.

Ita kuma ƙananan yara take koyarwa, shi ya sa nake ce mata Malama. Shekara biyu muna tare. Ummanta ba ta taɓa kama sunana ba, "mai gyaran nan" take cewa, kamar wanda ya zo toshe yoyon famfo ya ƙi tafiya.

Babanta ne nawa a gidan. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin a kan hanya. Rediyonsa na fara gyarawa, daga nan ya laƙaba min Injiniya. Da na aika masa da maganar aure bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi in bari ya ji ƙarfin jikinsa, zai kira ni ya ba ni amsa da bakinsa.

Jikin ne ya ƙi. Hawan jini, ga kitse a jini. Likita ya hana shi soyayyen abu, ya rage masa gishiri. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cin soyayyen nama a bakin titi, aka koma kawo masa dafaffen kifi fari fat. Sai ya kalli kwanon ya ture.

"Wannan abincin marasa haƙora ne," in ji shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A wannan lokacin Manaja ya shigo. Shi ke kula da babban shagon kayan lantarki na bakin kasuwa, mai gilashi tun daga sama har ƙasa. Ɗan ƙawar Umma ne. Yana da mota, yana da digiri, kullum cikin ƙamshi. Bai zo da dogon zance ba, da kwali ya zo.

A cikin kwalin akwai baƙar tukunyar lantarki mai aljihu kamar na tebur. A zuba kaza ko dankali a kwandon da ke cikin aljihun, a tura, a murɗa maɓalli. Iska mai zafi ce ke suyar, man da ake shafawa bai wuce ƙaramin cokali ba. Baba ya sa mata suna tukunyar iska.

Ranar farko ya cinye cinyar kaza biyu, ya tauna ƙashi. Malama ce ta ba ni labari, idonta na ƙyalli.

"Injiniya, da ka ga Baba! Har da neman ƙari."

Na ce madalla.

Daga ranar babu zancen da ake a gidan sai na Manaja. Umma ta ɗora tukunyar a kan kanta, ta rufe ta da farin leshi, irin wanda take rufe talabijin da shi. Duk abin da take ji da shi sai ta yi masa mayafi. Wata rana ta kunna ta bar leshin a kai, ta ɗage gaban kawai. Leshin ya toshe ramukan baya da zafi ke fita. Tukunyar ta yi tsit.

Kunya ta hana Umma gaya wa Manaja. Ta naɗe ta a zani ta ba Malama.

"Kai wa wancan naki a ɓoye. Ko wannan dai ya iya."

Na buɗe ta a ranar. Na sa mitar gwajin wuta. Ɗan fiyus ɗin da ke tsinkewa idan zafi ya yi yawa, shi ne ya tsinke, ya yi aikin da aka sa shi. Ina da irinsa guda shida a gwangwanin madara. Aikin minti goma.

Na rubuta tef, na manna. Na mayar da murfi. Na tura ta ƙarƙashin tebur.

Na ce a raina, bari ta kwana biyu. Bari Umma ta fara cewa kayan shagon gilashi ba su da ƙarko. Bari Baba ya ɗan manta da ɗanɗanon kyautar Manaja kafin ya kira ni. Kwana biyu suka zama tara.

*

"Ka san inda na fito yanzu?" in ji Malama.

Sai a lokacin na lura da ita sosai. Kayan jiya ne a jikinta. Leɓenta ya bushe. Akwai warin asibiti a mayafinta.

"Me ya faru?"

"Yanzu kake tambaya? Tun ranar da tukunyar nan ta bar gida Baba bai ci abin kirki ba. Na dafa, na gasa a kasko, na roƙa, na yi kuka. Ya ce shi ya gama cin abincin marasa haƙora. Ashe fita yake. Sai ya ce zai je miƙe ƙafa, ya tafi tasha wurin tsofaffin abokansa, su zauna gaban mai suya. Kullum. Mu ba mu sani ba."

Muryarta ta karye.

"Jiya da la'asar ya yanke jiki ya faɗi a tashar. A bayan motar kaya aka kai shi asibiti. Hannunsa na hagu bai dawo daidai ba har yanzu. Kofi ba ya iya riƙewa."

Na dafa tebur.

"Da safen nan aka sallame shi. Ka san abin da ya fara tambaya a mota? Wai Injiniya ya samo injin kuwa? Ya ce kar a matsa maka, kai ba ka yin aikin ha'inci, in ka ce babu to babu."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Na zo in ɗauke ta ne in kai wani wurin. Na jawo ta ta kife. Da ba ta kife ba..."

"Ban san zai kai haka ba."

"Me ka sani? Ka san ba ya cin abinci, ni na gaya maka a nan, a kan bencin nan. Ka ce Allah ya ba shi lafiya. Kana faɗa ƙafarka na taɓa tukunyar!"

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Kullum in kin zo, zancenta kike. Manaja ya kawo, Baba ya ci, Umma ta sa albarka. Ni me na taɓa kaiwa gidanku? Sukudireba."

Ta yi wata dariya marar daɗi.

"Kai da tukunya kake kishi? Ka san abin da nake sha a kanta? Mu tara ne a gidan. Kwandon nan cinya huɗu yake ɗauka. Tunda Umma ta ce kowa sai ya ci na tukunyar Manaja, sahu biyar nake yi, awa biyu a tsaye, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya nuna. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiya, da ɗanyen dankali na koma kan risho. Wallahi na tsane ta. Don Baba kawai nake sonta. Sau uku Manaja na aiko a tambaye ni, sau uku ina cewa ina da wanda nake jira. Umma ta yi kwana biyar ba ta amsa gaisuwata saboda kai. Na ce mata ba shi da mota, ba shi da digiri, amma ba ya ƙarya. Abin da na riƙe ke nan. Shi kaɗai."

Ta nuna tef ɗin.

"Yanzu me zan ce mata?"

Na jawo tukunyar gabana, na ɗauki sukudireba.

"Me za ka yi?"

"Abin da ya kamata in yi ranar uku ga wata."

Kusoshi shida. Na ɗaga murfin, na cire mataccen fiyus. Na zazzage gwangwanin madara na ɗauki sabo. Irin wannan ba a yi masa dalma, zafin ƙarfen zai kashe shi tun kafin ya fara aiki, matse shi ake da filaya. Na matse. Na goge man da ya daskare a jikin fankar. Na rufe, na jona.

Fankar ta ɗauka, vuuu. Iska mai ɗumi ta bugi hannuna.

Malama ta duba agogon wayarta.

"Minti takwas," ta ce a hankali. Da ta zage ni ya fi min sauƙi.

Ta miƙa hannu za ta ɗauka. Na riƙe.

"Ni zan kai."

"Ka cire tef ɗin tukuna. Ba don kai ba, don Baba. Jininsa ba zai ɗauka ba."

Na kalli tef ɗin. Farce ɗaya ya isa.

"A bar shi," na ce.

*

Motar Manaja na ƙofar gida. Ban yi mamaki ba.

A falo aka shimfiɗa wa Baba katifa, an jingina shi da filo biyu. Hannun hagun na kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Umma na gefensa da mafici. Manaja na kan kujera, a gabansa sabon kwali, ya ninka na farko girma.

Na durƙusa na gaishe su, tukunyar na rungume a ƙirjina. Umma ta amsa wa bango.

"Ai da ka bar ta," ta ce. "An hutar da kai. Da na san haka gyaran yake da tun farko na cire kunya na faɗa wa yaron kirki."

"Haba Umma, ai ba komai," in ji Manaja. Ya shafa kwalin. "Wannan kwando biyu gare ta. Kaza guda take ɗauka. Tana suya, tana gashi, tana ɗumame, har burodi tana yi. Gidan da ke da ita ya yi sallama da mai da hayaƙi. Risho ma sai ku bayar."

Baba bai kalli kwalin ba. Ni yake kallo. Bakinsa ya ɗan karkace, amma maganar na fita.

"Injiniya. Ka samo injin?"

"Ta tashi, Baba."

"Madalla. To zauna, dama ina nemanka. Shi wannan sayarwa yake, dole ya yabi kayansa, ban ga laifinsa ba. Kai kuwa cikinsu kake gani. Gaya min tsakaninka da Allah, tukunyar nan abin a ajiye a gida ce, ko kwalliya ce?"

Manaja ya gyara zama. Malama na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta harɗe hannu.

"Don kai, Baba, ban ga kamarta ba," na ce. "Kwanon mutum ɗaya ko biyu, minti ashirin ta gama. Fatar kaza ta yi ƙarau, ba mai, ba hayaƙi, mai bai fallatsa ya ƙona hannun mai girki ba. Abin jiya ma in an ɗumama ya dawo kamar sabo. Wanda ya kawo maka ita ya taimake ka."

Manaja ya kalle ni kamar bai ji daidai ba.

"Amma ba tukunyar mutum tara ba ce, ko mai kwando biyun. Ba ta miya, ba ta shinkafa. Kifi in an manta shi ya bushe kamar katako. In wuta ta ɗauke ta zama akwati. Kar a bayar da risho. A bar ta ta yi naka kai kaɗai, sauran gida su ci na kullum. Tana jan wuta sosai, kar a haɗa ta da firji a soket ɗaya, wayar kicin ɗin nan na santa, tsohuwa ce. A ba ta tazarar tafin hannu daga bango. Kuma kar a rufa mata komai in tana aiki."

Maficin Umma ya tsaya, sannan ya ci gaba da sauri.

"Ka ji magana," in ji Baba. "Shi ya sa nake son yaron nan. To injin, a ina ka samo?"

Malama ta girgiza min kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Na juya tukunyar, na matsa da gwiwa har gaban katifar, na ɗaga gindin daidai idonsa.

"Ba inji ba ne, Baba."

Ya ƙanƙance ido. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya sake karantawa.

"Uku ga wata," ya ce.

"E."

"Fiyus ɗin ne ya yi wuyar samu?"

"Ina da shida a gwangwani."

Ana jin ƙarar firji daga kicin.

"Ni na ajiye ta. Ban so a ci gaba da yabon wanda ya kawo ta ba kafin ka ba ni amsa. Na san ba ka cin abinci. An gaya min. Na ajiye ta duk da haka."

Umma ta jefar da mafici.

"Innalillahi! Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ni dama jikina bai taɓa ba ni yaron nan ba! Ka kusa kashe min miji saboda baƙin ciki, sannan ka shigo har falo kana koya mana tazarar tafin hannu? Ke kuma, ga mai gaskiyar taki! Fita min daga gida!"

"Umma, a yi haƙuri, jikin Baba," in ji Manaja. Muryarsa a kwance. Bai ko kalle ni ba, ba ya bukata.

Baba ya ɗaga hannun dama. Umma ta yi shiru tana huci.

"Ƙafata ce ta kai ni tasha," ya ce. "Bakina ne ya ci naman. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba."

Ya numfasa. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu.

"Amma Injiniya, shekara talatin ina tuƙi. Bakaniken da ya ɓoye min ciwon mota, ban taɓa komawa wurinsa ba, ko garejinsa kaɗai ya rage a hanya. Saboda ba mota na ba shi ba, raina na ba shi."

"Haka ne, Baba."

"Sai dai ban taɓa ganin wanda ya biyo ni har gida ya nuna min da hannunsa ba. Ban san inda zan ajiye ka ba."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya karkace.

"Amsar da na ce zan ba ka, na riga na shirya ta tun kafin in faɗi. Yanzu ba ta hannuna. Ita aka yi wa ƙarya sau huɗu, ba ni ba. Abin da ta ce, shi na ce."

"Wace irin magana ce wannan?" in ji Umma. "Har akwai abin tambaya?"

"Yunwa nake ji," in ji Baba, idonsa a rufe.

Malama ta tako. Ta wuce sabon kwalin, ta sunkuya ta karɓi tsohuwar daga hannuna. Yatsunta ba su taɓa nawa ba.

"Wannan na iya aiki da ita," ta ce wa Umma, kafin a tambaye ta. Ta shige kicin.

Na ji ta zare filogin firji ta mayar wani soket. Na ji ta jawo tukunyar daga jikin bango. Fankar ta ɗauka.

Na yi sallama. Baba ne kawai ya motsa kai.

Rana ta take a waje. Na kai bakin get, na tsaya kusa da motar Manaja ina neman takalmina ɗaya da ya shige ƙarƙashin benci. Ƙamshin kaza ya fara fitowa ta tagar kicin.

"Tsaya."

Na juyo. Tana bakin ƙofa, idonta ya kumbura. A tafin hannunta ga farin tef ɗin, ta ɓanɓaro shi.

"Umma ta ce in ba Manaja amsa kafin ya tafi. Ya ce zai jira a gama abincin Baba. Minti ashirin."

"Malama, in kin ba ni dama..."

"Ba roƙo na fito ji ba. Abin da ka yi a falo na gani, ban raina ba. Amma sai da na kama ka tukuna. Abu ɗaya zan tambaye ka, in ka yi min ƙarya zan gane, yanzu na san yadda fuskarka take yi."

Na gyaɗa kai.

Ta miƙo tef ɗin, ya manne a yatsanta. Daga ciki Umma na ƙwala mata kira.

"Da tukunyar nan ba ta kife ba, ranar nawa ga wata za ka gyara ta?"